Launin Zuma a Bakin Wuƙa

Tsohuwar wuƙarsa ya kawo wasawa ranar da ya fara ganin 'yar maƙerin. Kuku ne a wani gidan abinci da ke bakin babban titi. An ce masa a bayan layin masu walda akwai wani tsoho da ke ƙera wuƙaƙen girki da hannu.

Ya tura ƙofar maƙerar. Ɗakin duhu ne, an toshe tagarsa da kwali, ba haske sai na garwashi. Wata budurwa ce tsaye da awartaki a hannu. Ta zaro ƙarfe ja wur daga wuta, ta tsoma shi cikin garwar mai. Harshen wuta ya tashi har kusan kafaɗarta. Ko ƙiftawa ba ta yi ba.

"Malam, ko ka shigo ko ka fita, amma ka rufe ƙofar," in ji ta. "Haske na ɓata mana aiki."

Ya shiga. Ta karɓi wuƙarsa, ta juya ta sau ɗaya.

"Wannan ai cokali ne da ya yi tsini. Da shi kake ciyar da mutane?"

Tsohon da ke zaune kusa da wuta ya yi dariya. Shi ne mahaifinta, shi ne mai maƙerar.

Kuku bai tafi ba sai da ya ga ƙarshen aikin. Wuƙar da ta sha mai tana da ƙarfi, amma tana iya fashewa kamar gilashi, don haka sai an sake ɗumama ta a hankali. Tsohon ya riƙe ta bisa garwashi. Launi ya fara tafiya a jikin farin ƙarfen, daga baya zuwa baki, kamar ana zuba zuma. Idan ya wuce zuma ya koma shuɗi, wuƙar ta yi laushi, aiki ya lalace.

'Yar ta tsaya a bayan mahaifinta, ta ce a hankali, "Yanzu, Baba." Ya janye.

Kuku ya daɗe yana aiki da wuta, bai taɓa sanin ƙarfe ma yana nuna ba.

Ya ba da aikin sabuwar wuƙa, ya karɓi lambarta don jin ko an gama. An gama, amma saƙonni ba su tsaya ba.

*Maƙeriyata, yau na yanka albasa ban yi hawaye ba. Me kika sa a bakin wuƙar nan?*

*Ba komai, Kukuna. Da can dannewa kake yi, yanzu ka fara yanka. Ka goge ta ta bushe. Idan na ga tsatsa, kada ka sake kirana.*

*Ko ni na yi tsatsa, ita ba za ta yi ba.*

Da maganar ta yi ƙarfi, ya turo kawunsa wajen tsohon. Amsar ta dawo gajera: ba yanzu ba. Aka sake komawa, amsar ba ta canza ba, ba a kuma faɗi dalili ba.

Akwai wani dillalin ƙarfe da ke kawo musu tsohon ƙarfen sifirin na ƙasan mota, wanda da shi suke ƙera wuƙaƙen. Yana da mota, yana da fara'a, yana kuma daɗewa wajen hira. Kuku ya haɗa lissafinsa, ya ɗauka dillalin ake so a ba ta, ya daina kira.

Sai ta rubuto masa.

*Ka gama fushin? Dillali yana da jikoki. Abin da zan gaya maka ko Inna ba ta sani ba. Idon Baba ya yi rauni, ba ya bambance zuma da shuɗi. Ni ce idonsa. Idan na tafi, wuƙaƙensa za su riƙa karyewa a hannun mutane, sunansa ya zube. Ba zai faɗa ba, ni kuma ba zan bar shi a haka ba.*

Kuku ya karanta a kicin, yana tsaye gaban tanderun lantarkin da suke gasa burodi. Ya daɗe yana kallon maɓallin da ke ƙayyade zafinsa.

Ranar hutunsa ya sauke ƙaramin tanderu daga bayan babur a ƙofar maƙerar. Ya durƙusa ya gaida tsohon.

"Baba, gardama muka yi da 'yarka. Na ce wannan zai iya fitar da launin zuma, ta ce ƙarya nake. Kai kaɗai za ka raba mu."

"Wuƙa za ka gasa mini kamar burodi?"

"Idan ta ƙone, ni zan ci."

'Yar ta daidaita zafin da idonta, ta gwada a kan guntayen ƙarfe har launin ya zauna. Kuku ya ɗauki magagari ya yi ƙaramin tsagi a wurin da maɓallin zafin ya tsaya, yadda yatsa zai ji shi ko a duhu. Don wutar farko kuma, ta rataya maganaɗisu kusa da murhu: idan ƙarfe ya kai zafin tsomawa a mai, maganaɗisun yana sakinsa, hannu yana jin hakan.

Tsohon ya ɗauki guduma. Ya ƙera, ya tsoma, ya laluba tsagin da yatsa, ya rufe tanderun. Da ƙararrawar tanderun ta buga, ya bar wuƙar ta huce, ya wasa ta. Ya ƙwanƙwasa ta a kan uwar maƙera, ƙarfen da ake dukan aiki a kai, ya kasa kunne har ƙarar ta mutu. Ya sara ƙashin saniya. Ya bi bakin da babban yatsa, daga tushe zuwa tsini, bai ji ko tsagewa ɗaya ba.



"Wannan tsagin," in ji tsohon, "don wa aka yi shi?"



Ya juya inda 'yarsa take. "Ke kika gaya masa."

"Ni ce, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Kai yaro, ka ce wa kawunka ya dawo. Tanderun kuma ya zauna, ba ya cikin abin da za ka ɗauka."

An ɗaura auren kafin ƙarshen shekara. Masu walda na layin suka rufe shagunansu, abokan aikin ango suka yi girkin.

Da za a tafi da amarya, tsohon ya kira su biyun cikin maƙera. Ya miƙa musu wata wuƙa naɗe cikin ƙyalle. Amarya ta buɗe, ta kai ta bakin ƙofa, ta duba ta a haske kamar yadda take duba kowace. Zuma ce tsaf, daga tushe har tsini.

"Ni kaɗai na yi ta," in ji shi. "Ba wanda ya ce mini 'yanzu'. Ku je, Allah ya yi muku albarka, ya sa ku ci tare har tsufa."

Suka ce amin. Ya koma ciki, ya rufe ƙofar saboda haske.