Ranar da Jirgin Alhaji Dattijo Ya Kafe

Kai ma ka gani, kada ka ce ba ka gani ba. A wannan Fabrairu na 1987 ka bi ta tsakanin Kura da Bunkure, ka hangi alkamar Unguwar Baƙo ta langaɓe don ƙishi, alhali ga kanal a gefenta cike da ruwa har baki. Ka ce Allah ya kyauta, ka kau da kai, ka wuce. To, ga abin da ya faru bayan wucewarka.

Ranar Asabar da la'asar wani mutum ya faɗo ofishin 'yan sanda, babbar rigarsa taɓo har gwiwa, takalmi ƙafa ɗaya.

"Sufeto, an yi mini sata!"

Sufeto Maharazu ya ajiye biro. Ya san shi: Alhaji Dattijo ne, ɗan kwangila, shugaban wata ƙungiyar yawon buɗe ido da shi kaɗai ya kafa.

"Me aka sace, Alhaji?"

"Ruwa."

"Na randa ko na tulu?"

"Na kanal! Gaba ɗaya!"

A cikin mota Sufeto ya ji tushen maganar. Alhaji ya taɓa zuwa Turai, ya ga jirgin da ke bin tsofaffin garuruwan bakin teku, a kowace tasha mutane su ci abincin garin, su kurɓi giyar inabi. Ya dawo ya rantse sai ya yi irinsa a gida. Ya sayo babban kwalekwale, ya yi masa rumfa, ya ɗura zoɓo da kunun aya a dogayen kwalabe, ya gayyato manyan baƙi goma sha biyu daga Kano. Tasha uku ya tsara: gurasa a tsohon karofi, dambu a Unguwar Baƙo, soyayyen kifi a tsohuwar kasuwa.

Sai dai ruwan ƙaramin kanal ba ya isa ɗaukar jirgi. Don haka ya sami wani babba ya sa hannu, aka rufe ƙofar da ke ba gonaki ruwa. Yau kwana tara ke nan.

"Alhaji, alkama fa tana zuba ido yanzu," in ji Sufeto. "In ta ƙara kwana biyu ba ruwa, ta tafi."

"Ba alkama na kawo ƙara ba. Asabar mai zuwa ina da wasu baƙin, ƙofa kuma ba mai buɗe ta."

Suka tarar da jirgin a kishingiɗe cikin taɓo, kwaɗi suna zagaya shi. Baƙi na nan ciki sun tattare riguna. Wani mai tabarau har yanzu yana shinshinar zoɓo a kofin gilashi, don Alhaji ya ce haka ake yi a can.

"Isiyaku mai gadin ƙofa ne ɓarawon," in ji Alhaji. "A kulle shi."

Sufeto ya je ya duba ƙofar. Kwaɗonta a kulle. A jikin ƙarfen da ake murɗawa kuwa zanzaro ya gina ɗakinsa, ko tsagewa bai yi ba. Ba wanda ya taɓa ƙofar nan cikin mako.

"Malam Isiyaku, ina kake lokacin da ruwa ya janye?"

"Ina salla, yallaɓai."

"Tun azahar har la'asar?"

"Ina da ramuwa da yawa, yallaɓai."

"Ba ka ji komai ba?"

"In na ta da kabbara ko tsawa ba na ji."

Sufeto ya koma wajen mai tabarau, ya tsaya a gaɓa yana ɗaga murya.

"Ranka ya daɗe, a ina kuka fi daɗewa?"

"Unguwar Baƙo. Awa biyu muna jiran dambu. Amma ba mu gaji ba, don muna isa mai abincin ta tara mata suka yi mana lugude. Ta ce tsohuwar al'ada ce ta tarbar baƙin da suka zo ta ruwa. Har na rubuta a littafina."

Sufeto ya sosa ƙeya. A ƙauye aka haife shi, kuma ya san kanal ɗin nan bai kai shekara ashirin da haƙawa ba. Yaushe aka yi baƙin ruwa har aka yi musu tsohuwar al'ada?

Ya bi gaɓa da ƙafa. Bayan wata kwana, inda gonar rake ta kare ido, ya jiyo ƙarar zubar ruwa. Bututun ban ruwa ne jere a kan gaɓa, lanƙwasassu, sun fi ɗari uku, kowanne kai a kanal, gindi a lambatun gona, suna ta zuƙa. Ruwan da ke gangarowa cikin kanal bai kai abin da suke sha ba.

Manoma na tsaye nesa kaɗan, kowa ya mai da hannu baya.

"Na wa ne waɗannan?"

"Mu ma ganinsu muka yi, yallaɓai," in ji wani dogo.

"Miƙo hannunka."

A tafinsa akwai jan zobe. Duk wanda ya taɓa ban ruwa ya san shi: sai ka toshe bakin bututu da tafi kana zuƙawa kafin ruwa ya kama. Sufeto ya bi layi. Kowa da nasa zoben.

"Ciwon makero ne, yallaɓai."

"Duk garin?"

"Ai yana yaɗuwa."

Sufeto bai kama kowa ba. Bututu ɗari uku ba sa fara sha lokaci guda sai an ba da alama. Da an fara da wuri, da Alhaji ya gani ya hana. Sai da jirgi ya tsaya, baƙi suka shagala.

Ya sami mai abincin a rumfarta tana kankare tukunya. Inna Tambaya ce, mijinta ya rasu ya bar mata eka ɗaya ta alkama da bakin da ba ya tsoron kowa.

"Inna, me ya hana dambu nuna?"

"Itace ne jiƙaƙƙe, ɗana."

"Rabonmu da ruwan sama wata huɗu. Me kuka daka a turmin nan?"

"Geron fura."

"Baƙi sun ce ba su ga fura ba."

Ya kifa turmin. Ko ƙwayar gari ba ta faɗo ba, sai ɓarɓashin itace. Bakin taɓarya duk ya tauye.

"Inna, mace ba ta lalata turminta a banza. Wa kike kira?"

Ta ajiye tukunya, ta goge hannu da zani.

"Duk mai bututu nake kira. Ni na tsara, ni na ce in sun ji turmi su saka. Kwana tara ina kallon alkamata tana mutuwa, ana ce mini in ƙara wa dambu mai. Ka rubuta, Tambaya ce. Kada ka taɓa Isiyaku, ramuwarsa yake yi."

Alhaji ya iso yana haki. "Madalla! A tafi da ita, a kwashe bututun nan yanzu!"

"Ita za mu tafi da ita," in ji Sufeto. "Bututu kuwa shaida ne. Duk wanda ya taɓa ko ɗaya kafin mai hoto ya zo daga Kano, shi ma sai ya kwana a ofis."

"Yaushe zai zo?"

"Babur ɗinsa na wajen makaniki. Laraba, in Allah ya so."

"Laraba? Jirgina fa?"

"Shi ma shaida ne, Alhaji."

Inna Tambaya ta ɗauki mayafi da sauran dambu a kwano, ta shige gaban mota da kanta. Suna wucewa ta gonarta ta leƙa. Ruwa ya kai kunya ta ƙarshe.

Ranar Litinin za a gurfanar da ita a kotu, ita kaɗai. Wanda ya sa hannu aka rufe ƙofar yana nan a kujerarsa, fanka na kaɗa shi. Ka riga ka kau da kai sau ɗaya. Wannan karon ka rufe shagonka, ka shiga mota, ka zo ka zauna a bencin farko, ka tambaya da ƙarfi yadda kowa zai ji: wa ya sa hannu?