Daga Nagoya Zuwa Sao Paulo

Ranar da babu aiki a shagon taliyar babanta, Chizuru takan hau benen filin jirgin Nagoya, a ƙasar Japan, ta sha kallo. A nan ta ga wani saurayi yana ta ɗaga wa jirgi hannu har ya shige gajimare.

"Wa ka rako?" ta tambaye shi, ko gaisuwa babu.

"Kakata, Brazil za ta koma. Awa talatin ke gabanta, har da canjin jirgi."

"Talatin! A zaune? To a ina suke wanka?"

Ya tuntsire da dariya. Sunansa Renato Kuwahara, jikan Japanawan da suka yi ƙaura zuwa Sao Paulo ta Brazil, yana aiki a kamfanin motoci a Nagoya. Tun ranar ya laƙaba mata Sarkin Tambaya. Wace teku ake tsallakawa? Da gaske ranarmu darensu ne? Yana amsawa, tana ƙara shiga ransa.

Da maganar aure ta taso, babanta Tadao ya ajiye ludayi.

"Ke kaɗai gare ni. In na faɗi a bakin tukunyar nan, kafin ki sauka daga Brazil an ƙone gawata bisa al'ada an zuba tokar a tulu. Ga Noboru yaron shagona, gidansu bayan layi."

Ana haka kwantiragin Renato ya ƙare, ya koma gida. Kullum sai saƙonsa ya shigo: "Na kwanta, Chizu tawa. Ki kula mini da ranar, gobe ki turo mini ita."

Wata safiya saƙo bai zo ba. Ta kira, waya a kashe. Washegari ma shiru.

"Ya samu 'yar rawa a can," in ji Noboru yana yanka albasa. "Ni kuwa ko keke ba sai kin hau ba."

Ta ce albasar ce ta sa ta hawaye.

Da la'asar wayarta ta yi ƙara: "Sarkin Tambaya, leƙo ƙofa. Yau ni na zo da tambaya, amma ta Baba ce."

Yana tsaye da akwati, ƙafafu a kumbure, ido ja. Ashe duk shirun nan yana sama. Ya rusuna wa Tadao har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa.

"Baba, na samu aiki a nan. Ba ɗauke ta zan yi ba, ni zan dawo."

Tsohon ya tura masa kwanon taliya.

"Ci tukuna. Mahaifiyarka fa, wa ka bar mata?"

"Ita ta haɗa mini akwatin."

Da bazara aka ɗaura aure. Tadao ya dafa kawunansu, ya ce su tsufa tare cikin lafiya. Sai ya gyara murya.

"In za ku je gaida surukata, ku yanki tikiti uku. Matar da ta ba ni ɗanta, ba a waya zan yi mata godiya ba."