Mai Nonon da Babu Ita a Gudu

Ruwan safe ya ɗauke, gajimare ya sauko ya kwanta kan duwatsun Abuja. Insifekta Audi ya zuba wa taga ido har shayinsa ya huce. Haka Allah ya yi shi, da rana tsaka sai ya lula duniyar tunani, abokan aikinsa sun tsokane shi har sun gaji. A haka Madam Felicity ta same shi.

"Oga, an yi mana sata. Kwali guda."

"Kwalin me?"

"Takardu."

Malama ce a wata kwalejin kasuwanci mai zaman kanta, tana koya wa 'yan ajin ƙarshe yadda ake aiki da ƙirƙirarriyar basira bisa amana. Ta tura su kasuwar Gudu, kowa ya tattauna da 'yan kasuwa goma, ya rubuta da hannu, har da lambar rumfa da ta waya. Bayan nan an yarda na'ura ta taya mutum tsara rahoto, muddin ya faɗi inda ta sa hannu. Ranar Litinin ta sanar cewa za ta ɗebi takardun ta shiga kasuwa ta tabbatar. Ranar Laraba kwalin ya ɓace daga ɗakin da aka kulle shi, ƙofa kuma lafiya lau.

"Makulli nawa ne?"

"Biyu. Nawa da na Ikilima, shugaban aji. Juma'a kwamiti zai zauna, in ba a gani ba za su kore ta. Saura wata biyu ta gama fa, oga."

Audi ya sa aka kira Ikilima. Siririya ce, tana magana tana murza bakin mayafi.

"Kin taɓa ba wani makullin nan?"

"A'a, yallaɓai."

"Ko na minti biyar?"

"Ko na minti ɗaya."

Ta faɗa da sauri, idonta a ƙasa. Audi ya san ƙarya take, amma bai ga alamar ɓarauniya a tare da ita ba, sai tausayinta ya kama shi.

Rahotannin da aka buga suna nan a kwamfutar Madam, ya sa aka fitar masa. Ya kwashe yammacin yana karatu, fanka na juyawa a hankali. Kai, yawancinsu ba daɗi! Wannan ɗan kasuwa ya ce ba shi da lokaci, wancan ya ce kasuwa sai godiya, wata ta kori ɗalibi da tsintsiya.

Sai ya zo kan na wani ɗalibi, Lukman. Nan kowa ya yi magana tsaf, ba gardama. A ciki akwai Hansatu, Bafillatana mai tallar nono, wadda ke tasowa daga ruga tun raɓa ba ta bushe ba, ƙwarya a ka, tana rera waƙa. Audi ya lumshe ido. Wallahi har ya gan ta tana ratsa ciyawa, har ya ji ƙamshin kindirmo, ya ji yana son ya sha daga hannunta.

Washegari ya shiga Gudu ba kaki. Ya bi ta layin masu kayan mota, ya ratsa masu tumatir, yana tafe yana duba fuskokin mata kamar mai neman 'yar'uwar da ta ɓata. A gindin wata bishiya ya tarar da masu nono, babbarsu wata dattijuwa, Maijidda.

"Sannu, Inna. Hansatu nake nema."

"Shekara goma sha ɗaya ina zama a nan, ɗana. Babu Hansatu."

Ya zaro takardar ya karanta musu: "Sunan mijina Ɗanlami, ɗana na fari Ikrama, shanunmu arba'in da biyu."

Matan suka rufe baki da mayafi, dariya ta kece.

"La ilaha illallahu! Wace marar kunya ce wannan?" in ji Maijidda. "Ta kama sunan miji, ta kama na ɗan fari, a gaban baƙo? Ta kuma ƙirga masa shanu?"

"To ke Inna, yaya sunan maigida?"

Ta kau da kai ta ci gaba da dama fura, ko kallonsa ba ta ƙara yi ba. Audi ya sayi fura ya sha a tsaye. Ransa ya ɗan sosu, ashe matar da ya wuni yana tunani ba a taɓa haihuwarta ba.

A ofishin Madam ya haɗa su su uku, ita da Ikilima da Lukman. Lukman ya shigo fes, takalminsa ko ɗigon taɓo babu.

"A ina ka ga Hansatu?"

"A gindin bishiya, oga. Ranar Talata."

"Da bakinta ta faɗa maka sunan mijinta?"

"Ƙwarai kuwa."

"Da na ɗanta na fari?"

"E. Ai tambaya ce kawai."

"Na je gindin bishiyar. Bafillatana ba ta kama waɗannan sunaye, ko alƙali ne ya tambaye ta. Na'urarka ba ta san kunya ba, kai ma ba ka tsaya ka koya ba. Ina kwalin?"

Lukman ya nemi kujera ya zauna.

"Na je kasuwar sau ɗaya," ya ce. "Ɗan kasuwa na farko ya daka mini tsawa don ban gaishe shi ba. Na ji kunya, na koma gida na ce wa na'ura ta ƙirƙiro mini mutum goma, na kwafe da hannu, na ƙaga lambobi. Da Madam ta ce za ta je, na ari makullin Ikilima, na ce littafina na manta. Kwalin yana ɗakina a Tungan Maje."

"Ban hana ku na'ura ba, Lukman," in ji Madam Felicity. "Cewa na yi ta taya ka, ba ta haifo maka mutane ba."

Audi ya juya ga Ikilima. "Ke kuma me ya sa kika rufa masa asiri?"

"Ɗan yayar mamana ne, yallaɓai. Na ɗauka kafin Juma'a zai tashi ya faɗa da kansa."

Audi ya dubi Lukman. "Da za ka faɗa?"

Ruwa ya soma yayyafi a kan kwano. Lukman ya sunkuyar da kai.

Wani kofur da ya rako Audi ya riƙe masa hannu suka nufi mota. Madam Felicity ta ɗauki waya ta shaida wa kwamiti cewa Ikilima ba ta da laifin sata. A bakin ƙofa Lukman ya waiwayo.

"Ki yafe mini, Ikilima."

Ta ɗago ido, hawaye na zuba.

"Ni ban san abin da zan faɗa wa Mama ba. Ita ce ta ce in kula da kai."