Ruwa a Ƙarƙashin Firji

"Wayyo bayana!"

Auta ta dafe ƙugu, ta jefa tsumma cikin bokiti. Tun safe take durƙushe a shagonta na lemo, ruwa na tsiyayowa daga ƙasan firji, tana gogewa yana dawowa. Ga rana ta take, masu saye suna leƙowa, da sun ji babu ƙanƙara sai su wuce.

Umma da ke zaune a bakin ƙofa ta ce, "Ki kira yaron nan mana."

"Umma, da wane bakin?"

"Da wanda kika kore shi."

Dogo mai gyaran firji shi ne yaron. Sun daɗe suna son juna, har injin ƙanƙarar da ke cikin firjin ya fara wannan ciwon. Dogo ya zo ya gyara, a kwana biyu ruwa ya dawo, ya sake zuwa. Sai mai shagon kayan wuta na tsallaken titi, wanda ya jima yana aiko wa Auta gaisuwa tana sharewa, ya ja Yayanta gefe ya ce ai yaron ne ke kwance wani abu da gangan don ya riƙa samun hanyar zuwa. Yaya dama ba ya son haɗin. Ya ce kada ya ƙara ganin ƙafar Dogo a shagon.

Ita kuma gajiya ta sa ta tambayi Dogo ido da ido ko gaskiya ne.

Jakarsa ya ɗauka ya fita.

Wasu masu gyara da mai shagon kayan wutar ya turo daga baya sun canza abin da suka canza, amma ga ruwa nan har yau.

Ta ɗauki wayarta ta danna lambarsa.

Da la'asar ya shigo. Ya rame. Ya durƙusa ya gaida Umma, ita kuwa ko kallonta bai yi ba.

"Cire shi daga wuta."

Ta cire. Ya zare murfin injin, ya nuna wani ɗan ƙarfe a gefen tiren ruwa.

"Wannan ce sansa. Ita ke gaya wa injin ruwa ya cika, ya daina zubawa. Sabuwa ce suka sa, lafiyarta lau."

"To me ke damunsa?" ta ce a sanyaye.

"Shi nake nema."

Ya wanke ƙarfen, ya duba tiyo, ya busa bakin famfon. Ya ɗora mitar gwaji a kan wayoyin, allurarta ta motsa daidai. Gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ta miƙa masa lemo, ya girgiza kai.

"Dogo..."

"Riƙe min ƙofar firjin."

Tana jan ƙofar allurar ta faɗi. Ya ɗago da sauri.

"Rufe! Sake buɗewa!"

Ta buɗe, allura ta sake faɗuwa. Ya bi wayar da yatsa har inda ta ratsa ta maƙalar ƙofa, ya yanke robar. A ciki ta karye, sai zare ɗaya ke riƙe da ita.

"Kin gani? Idan ƙofa na rufe tana haɗuwa, in gwada in ga lafiya. Kina fara ciniki, buɗe rufe, sai ta rabu. Injin bai san ya cika ba."

Sai a lokacin suka lura da Yaya tsaye a bayan Umma. Ya karɓi guntun wayar, ya jujjuya ta a tafin hannunsa, ya dubi shagon kayan wuta na tsallaken titi.

Hawaye suka zubo wa Auta.

"Ka yafe min, masoyina... wallahi na gaji ne. Ban san abin da nake faɗa ba."

Dogo ya ci gaba da naɗe wayar da ya haɗa.

"Da duk garin nan ne suka faɗa, da ko a jikina. Ke ce kika tambaya, Auta."

"Na sani..."

"Ni ma na gaji. Ko barcin kirki ban ƙara yi ba." Ya sauke numfashi, muryarsa ta yi laushi. "Share hawayen, zuciyata. Mayar da shi wuta."

Injin ya ja ruwa, ya cika tire, ya tsaya cak.

Dogo ya ce ba zai tafi ba sai ya ga ƙanƙarar farko ta faɗo. Suka zauna jira. Auta ta jingina kanta da kafaɗar Umma, kafin a ce me barci ya kwashe ta.

Yaya ya jawo kujera ya zauna kusa da Dogo. Ya yi gyaran murya.

"Babanka yana gari?"

"Yana nan, Yaya."

"Ka ce masa ina son ganinsa a kan maganarku."

Dogo ya zabura zai yi godiya. Yaya ya riƙe hannunsa, ya nuna ƙanwarsa da haɓa.

"A hankali. Bar ta ta huta tukuna."