Farin Maɓallin da ke Kofin Malam

Gwangwanin maɓallai yana nan a kan tsohon keken ɗinki. Murfinsa ya yi tsatsa, amma ba wanda ya isa ya jefar da shi. Duk ranar da Tela, matar gidan, ta buɗe shi, sai ta tuna shekarar da aurenta ya kusa mutuwa a falon nan.

Lokacin ɗaki biyu ne gidan, ita da mijinta, malamin lissafi. Shi yana duba takardun ɗalibai, ita tana taka keke, ba su da komai sai son juna da fanka mai ƙara kamar injin niƙa. Ana nan sai Allah ya ba su 'ya, fara fat, gashinta kamar auduga. Zabiya ce.

Malam ya rungumi 'yarsa baki har kunne. Mahaifiyarsa Umma kuwa kallo ɗaya ta yi wa jaririyar ta kau da kai.

"A danginmu babu wannan," in ji ta. "Daga wajen matarka ne. Ka sallame ta, in nemo maka mai jini mai kyau."

Tela tana bayan labule tana jin komai. Ta sha kuka har idonta ya kumbura, amma ko sau ɗaya ba ta mayar wa surukarta magana ba. Kullum sai ta durƙusa ta gaishe ta, ko an amsa ko ba a amsa ba.

Wata rana da yamma Umma ta zo da shirinta, ko mayafi ba ta cire ba.

"Yau za ka zaɓa, ko ni ko ita."

Malam ya durƙusa. "Umma, don Allah, ki ɗan saurare ni. In kin ji bai gamsar da ke ba, sai ki yanke hukunci."

Ya ɗauko kofi biyu, ya buɗe gwangwanin, ya sa baƙin maɓalli ɗaya da fari ɗaya a kowanne.

"Wannan kofina ne, wannan nata. Likita ya ce kowane yaro yana ɗaukar ƙwayar gado ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Baƙi da baƙi, baƙi da fari, ko fari da baƙi, yaro zai zo da fata irin tamu. Sai fari ya haɗu da fari ake samun zabiya. Ɗaya cikin huɗu ke nan, a kowane ciki. Ki rufe ido ki ɗauki ɗaya daga kowane kofi."

"Ni za ka mayar ɗalibarka?"

Amma ta ɗauka, don Umma ba ta son a ce ta kasa. Baƙi da fari. Ta mayar, ta sake. Ba a jima ba sai ga fari biyu a tafinta.

"Yanzu ki cire farin da ke kofina, ki sa baƙi, ki ci gaba."

Ta yi ta ɗauka har hannunta ya gaji. Fari biyu sun ƙi haɗuwa.

"Kin gani, Umma? In babu fari a wajena, ko shekara za ki yi ba za su haɗu ba."

"To kai wa ya sa maka farin?"

Ya sunkuyar da kai. "Ko ke, ko marigayi Baba."

Umma ta daɗe tana juya farin maɓallin a hannunta, can sai hawaye.

"Ina da ƙane," ta ce a hankali. "Shi ma haka yake. In an yi baƙi, ɗakin baya ake kai shi. Ni nake riƙe masa hannu in rana ta kashe masa ido. Da ya rasu yana ƙarami, aka daina ambaton sunansa, har ni ma na daina."

Ta ɗago ta kalli labulen. "'Yata, fito. Ki yafe mini. Miƙo mini ƙawata in gan ta da kyau."

Tela ta fito ta miƙa mata jaririyar. Umma ce ta sa aka ɗinka wa yarinyar hula mai faɗi saboda rana, ta liƙa farin maɓallin a gabanta da hannunta. Bayan yara biyu masu baƙar fata, auta ma ya zo zabiya. Umma ta riga kowa ɗaukarsa, tana dariya: "Ashe maɓallan nan ba sa tuna abin da aka ɗauka jiya! Sannu da zuwa, maigidana."

Yanzu Umma ta kwanta dama, yarinyar kuma tana jami'a. Haƙurin Tela ne ya riƙe gidan har gaskiya ta bayyana. Abin da gado ya kawo na uwa ne da uba tare, bai kamata a ɗora wa mace ita kaɗai ba.

Tela ta rufe gwangwanin, ta jawo hular daga ƙasan akwati. Ɗinkin Umma a karkace yake, amma har yau maɓallin bai cire ba.