Wanda Ya Tsaya a Bayan Baba Saja

Ana gama sallamar masu gaisuwa, Babban Yaya ya baje a kujerar marigayi kamar shi ya saye ta, ya jera lambobin yabon Baba Saja yana ɗaukar su hoto. Auta tana kwashe kofuna, takaici kamar ya kashe ta. Mutumin da rabonsa da gidan nan tun kafin tsohon ya kwanta ciwo, yau shi ne mai hawaye a waya!

"Ke Auta, kunna fitila zan yi fostin. Duniya ta san mun yi rashin jarumi!"

Anti, babbar 'yar marigayin, ta gyara gilashi. "Ka rubuta ya haura shekara casa'in, ya yi yaƙi biyu."

"Ɗaya ne," in ji Auta.

"To, uwar sani!"

Yaya ya ɗago. "Af, gara da kika tanka. Mai askin nan da na ga yana jera kujeru, ki ce ya daina zuwa. Yanzu ni ne uba a gidan nan. 'Yar soja guda ta ƙare a shagon aski? Ba dai ina raye ba!"

"Ko aji ba shi da shi," Anti ta taɓe baki. "Sai ƙanshin sabulu."

Hawaye ya zubo wa Auta. Ita ta yi ta ɗaga bikin saboda jinyar Baba, bawan Allah yana jira bai taɓa ƙorafi ba, yau ga sakayyarsa.

Inna, wadda tun ɗazu take lungu riƙe da tawul ɗin mijinta, ta yi gyaran murya.

"Kai mai fostin, me ya sa kujerar nan take manne da bango?"

"Saboda fanka mana, Inna."

Ta ja dogon tsaki. "Fanka! Ta baya aka kashe amininsa a fagen daga. Tun da ubanku ya dawo bai ƙara yarda mutum ya tsaya a bayansa ba. Ko makaranta zai kai ku, a gaban keke yake ɗora ku. Ni kaina na sha shekaru kafin ya bari in shafa masa mai a gadon baya."

Ta nuna kujerar, ta ci gaba.

"Da hannunsa ya fara rawa saboda tsufa, gemu ya cika masa fuska, ya hana kowa taɓa shi. Yaron nan mai aski ya yi ta zuwa, ya zauna a gabansa su sha hira, bai taɓa fito da aska ba. Wata safiya Saja ya jawo kujerar nan tsakiyar ɗaki da kansa, ya ce, 'Zagayo, ɗana.' Yaro ya tsaya a bayansa da aska a wuyansa, wallahi har barci ya ɗauke shi! Kuna ina a lokacin?"

Yaya ya fara in-ina. "Inna, ai aiki ne ya..."

"Tashi daga kujerar nan! Wanda ubanku ya ba wa bayansa, shi na ba wa 'yata."

Ya miƙe sumui-sumui, Anti kuwa ta nutsa kai cikin jaka kamar mai neman allura.

Bayan Inna ta fita takaba aka ɗaura auren. Yaya ya kwashi lambobin, ba wanda ya hana shi. Kujerar ce Inna ta aika wa ango, Auta ta ajiye ta a tsakiyar falonsu.

'Yan'uwa, gadon mutumin kirki ba na mai hoto ba ne, na wanda ya yi haƙuri ya zauna da shi ne har ya yarda da shi.