Kabejin Sama, Barkonon Ƙasa

"Ba za ki auri ɗan gidan mutanen ƙasan bene ba, Bo-ram! Na gama magana."

"Baba, Yaya Tae-gyun ne fa... wanda kai ka koya wa waƙoƙin coci!"

"Wannan da ne."

Hawaye suka cika mata ido. Tun da tsohon fasto ya rasu aka yi rikicin wanda zai gaje shi, cocinsu ya rabu biyu. Gini ɗaya, Ubangiji ɗaya, amma wasu na sujada a saman bene, wasu a ƙasa, kowa na ɗaga murya don ya danne waƙar ɗan'uwansa. Abin dariya abin kuka! Mahaifinta, Dattijo Pyo, shi ne jagoran sama, ita kuma zuciyarta tana ƙasa.

Ana haka sanyi ya kawo kai, lokacin da coci ke haɗa kimchi, wato kabejin da ake jiƙa wa gishiri a shafe da barkono a adana, a raba wa tsofaffin unguwa. Dattijo Pyo ya kwaso kabejin gonarsa, kabejin ya kwana cikin gishiri a farfajiyar coci. Sai da gari ya waye aka tuna duk matan da suka iya haɗin barkonon, mutanen ƙasa ne. Kabejin da ya sha gishiri kuwa ba ya jiran a gama fushi.

"Sai ya lalace!" in ji Dattijo, amma muryarsa ba ƙarfi.

Bo-ram ta lallaɓa ta sami Tae-gyun a bayan coci.

"Masoyiyata, me ya sa ki kuka?"

"Yaya, na gaji... In na bi ka na rasa Baba, in na bi Baba na rasa raina. Ga tsofaffi za su shiga sanyi ba kimchi saboda girman kanmu!"

Ya yi murmushi mai ciwo. "Mu kuma tun jiya Mama ta kwaɓa barkono roba-roba, ba mu da kabeji ko ganye ɗaya. Ta rantse ba za ta roƙi babanki ba."

Ba ta jira ba. Ta shiga ɗakin girkin ƙasa, inda ƙafarta ta daɗe ba ta taka ba, ta durƙusa gaban mahaifiyarsa, Madam Ok.

"Mama, ba Baba ya aiko ni ba. Ni ce... 'yar ƙawarki."

Madam Ok ta daɗe tana kallon fuskar nan mai kama da ta marigayiyar aminiyarta. Sai ta juya ga mata: "Ku ɗauko robobin!"

Aka zauna a farfajiya, fuska ba walwala, hannuwa na ta aiki. Dattijo na gefe ya harɗe hannu. Madam Ok ta yagi ganye, ta shafe shi da jan barkono, ta naɗe, ta kai masa har baki, kamar yadda ake ɗanɗana wa juna a ranar nan.

"Buɗe baki, tsoho mai taurin kai! Hannuna ya gaji."

Bo-ram ta riƙe numfashi.

Ya buɗe. Ya tauna a hankali, sai ya ɗago ya dubi Madam Ok.

"Wannan... haɗin matata ne."

"To wa kake tsammani ya koya mana? A nan wurin ta zaunar da mu, babu na sama babu na ƙasa. Da tana raye, da wane ido za mu kalle ta?"

Ya share ido da bayan hannu. "Barkonon ne ya yi yaji."

Wata tsohuwa ta soma rera waƙar yabo a hankali, kowa ya kama. Rabon da a ji su da murya ɗaya har an manta.

Dattijo ya sunkuya zai ɗaga wata ƙatuwar roba, sai ya waiga.

"Tae-gyun! Tsayawa za ka yi kana kallo? Haka ake barin suruki da kaya?"

Bo-ram ta fashe da kuka, tana dariya, ta rungume babanta da hannuwanta jajur da barkono.